Kurungun Kawu Irmiya

Duk wanda ya shigo gidan hayar da muke zaune a Kwamba sai ya wuce ta ƙofar Kawu Irmiya, ko yana so ko ba ya so. Ɗakinsa ne na farko daga zaure, kuma ta nan ake bi zuwa rijiya da banɗaki. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙannena sun yi wayo sun same shi a kwance, har autarmu ta taɓa tambayata ko tare da gadon aka haife shi. Ya kamata su san cewa ba haka yake ba a da.

A wani ƙauye bayan Zonkwa aka haife shi. Mama ta ce tun yana yaro, idan aka tura shi korar biri a gona, a bakin titi za a same shi yana kallon motoci. Gemu bai fito masa ba ya bi wata babbar mota a matsayin yaron mota, daga baya ya zama direba. Yana ɗaukar doya daga ƙasar Gwari ya kai Zariya da Kano, ya dawo da gishiri da kananzir. Ya taɓa aure sau ɗaya. Matar ta gaji da kasa kunne tana jiran ƙarar mota, ta koma gidan iyayenta, shi kuma bai taɓa ganin laifinta ba.

Idan ya biyo ta wurinmu, lokacin garin nan ana ce masa Abuja ba a koma Suleja ba tukuna, ba ya shiga ɗaki. A kan benci yake cin tuwo, fuskarsa na kallon zaure, ya raba mana rake, dare ya yi ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa. Yakan ce ɗaki na masu jego ne. Ko kaza bai taɓa kiwatawa ba, wai duk abin da zai zauna yana jiran ka dawo ka ba shi abinci ya riƙe maka ƙafa ke nan.

A daminar 1976, shekarar da aka fara maganar gina sabon babban birni kusa da mu, ya ɗauko siminti. Tayar gaba ta fashe masa a kan gangara, dab da wata ƙaramar gada. An ciro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya taɓu. Ya yi watanni a asibiti, aka sallamo shi hannuwansa da ƙarfinsu, daga kugu zuwa ƙasa kuwa ko tsunkulinsa aka yi ba ya ji. Babanmu yana koyarwa a firamare a Madalla, sai ƙarshen mako yake zuwa gida, saboda haka jinya ta faɗo kan Mama.

Ba na jin akwai mai jinya irin Mama a Kwamba. Tun da asuba za ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, ta canza zanen gado, ta share ɗaki ta yayyafa ruwa. Daga nan sai ta naɗe asabarin ƙofa har sama ta ɗaure. A ganinta marar lafiyan da aka rufe wa ƙofa an gaji da shi ne, kuma ba za ta yarda a ce Saratu ta ɓoye yayanta kamar abin kunya ba. Ta sa an juya gadon yana fuskantar tsakar gida domin ya riƙa ganin mutane.

Su ma mutanen suna ganinsa. Mai zuwa rijiya ya ce sannu, ya dawo da guga ya sake cewa sannu. Mai riƙe da buta ya leƙo ya tambayi jiki. Ranar Lahadi matan majami'armu su cika ɗakin da waƙa da addu'a, wasu su yi ta girgiza kai suna cewa mutum kamar wannan. Da farko yana amsawa, har yana cewa an mayar da shi tasha, kowa sai ya tsaya. A hankali amsar ta koma ɗaga hannu. Daga baya sai ya rufe ido kamar mai barci, domin ko juya wa ƙofar baya ba ya iyawa sai an juya shi.

Mutum ɗaya ne ba ya ce masa sannu, wato Onwuka bakanike, wanda ya daɗe yana gyara masa mota. Shi zuwa yake ya zauna a bakin gado da kayansa na baƙin mai, ya yi ta zagin sababbin direbobi. Wata rana da rani ya shigo rungume da akwatin gilashi mai bakin ƙarfe, girmansa kamar akwatin ɗan makarantar kwana. Wani Bature mai awon ƙasa ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu.

"Direba, ga talabijin na kawo maka, irin wanda ba ya cin wuta."

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Ai babu kowa a ciki."

"To ni zan kawo akwati kuma in kawo 'yan wasa? Ka nemo naka."

Ya ce Baturen kifi yake sakawa a ciki, ba don ci ba, don kallo kawai. Mama ta ce lallai Turawa ba su da aikin yi. Ranar kasuwa da Kawu ya ji ƙararrawar keken Malam Gwadabe, mai kawo kifi daga Gurara ta wajen Gawu, sai ya ɗaga murya ya kira shi. Rabon da mu ji muryarsa ta kai zaure har mun manta.

Mako na zagayowa Malam Gwadabe ya zo da garwa ɗaure a bayan keke, da 'yan kurungu huɗu masu rai a cikin ruwan kogi. Kowannensu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Launinsu na ƙasa ne da ɗigo-ɗigo baƙi, ga dogon gashin baki, ga ƙaya a baya da gefe. Idan aka kama ɗaya sai ya yi wata ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Malam Gwadabe ya yi ta dariya yana cewa waɗannan ko ƙamshi ba za su ba miya ba, kuma ya so ya bar su kyauta. Kawu ya ƙi. Ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya biya. Daga baya ya gaya mini yana so a ce akwai abu ɗaya a ɗakin nan da ba don tausayi ya shigo ba.

Aka juye su cikin akwatin. Mun zaci za su yi ta kai da komo kamar yadda Onwuka ya ba da labarin na Baturen. Sai suka nutse ƙasa, suka cure a kusurwa ɗaya, wannan kan wannan, ba mai motsi. Mama ta duba jan ruwan da suka zo da shi ta ce ga dalili nan, wa zai yi walwala a cikin wannan ƙazanta.

A unguwarmu ruwan rijiya da na rafi duk da laka suke zuwa, kuma mace mai tsabta ita ce mai juya ɗan dunƙulen alif a randa har lakar ta kwanta. Ruwan randar Mama ya yi suna. Maƙwabta idan sun yi baƙon kunya wurinta suke aikowa a sam musu na sha. Saboda haka da ta ce da wannan ruwan za ta riƙa kula da kifin Yaya, girmamawa ce ta yi musu. Kowace safiya, idan ta gama da Kawu, sai ta kwashe su da ludayi ta zuba a kwano suna ƙara, ta zubar da ruwan duka, ta goge gilashin da toka da soso har yana ƙyalli, ta cika shi da ruwan randa. Sai ta ɗora shi a kan tebur a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ta marmasa musu tuwo kamar yadda ake yi wa 'yan tsaki.

Gidan ya samu abin kallo na biyu. Masu zuwa rijiya suka riƙa tsayawa suna ƙwanƙwasa gilashi da farce don kifin su motsa. Matar mai gidan ta ce ragwaye ne. Wani ya ce a sa musu gishiri.

Ba a yi mako ba aka wayi gari ɗaya ya yi fari, ya sandare. Mama ta ce akwai sauran dauɗa ke nan, ta ƙara toka, ta ƙara alif. Na biyu ya bi shi. Ranar da na uku ya mutu, Kawu ya ce a miƙo masa shi. Ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ba ni ya ce in binne, kada in jefa wa kaji. Ranar bai taɓa abincinsa ba.

Shi ma da farko bai san abin da ke kashe su ba. Direba ne, ba masunci ba. Amma mutumin da ba shi da abin yi sai kallo yana ganin abin da mai wucewa ba ya gani. Ya lura cewa wanda ya rage yana bin 'yar inuwar da ƙarfen kusurwa ke yi, idan rana ta matsa shi ma ya matsa. Ya lura duk sanda aka sake ruwa sai ya taso sama yana haki, ya daɗe kafin ya koma ƙasa. Tuwon kuma ba ya ci, narkewa yake ya yi tsami. Sai dab da magariba, kafin a kunna fitila, yake fitowa yana share ƙasan gilashin da gashin bakinsa, yana neman abin da babu. Nan Kawu ya tuna wuraren da yakan tsaya wanke mota a bakin kogi, inda idan ka ɗaga dutse a cikin jan ruwa irin waɗannan ne ke watsewa daga ƙarƙashi.

Ya gaya wa Mama. Ta ce to, amma washegari ta zo da tokarta. Ba taurin kai ba ne kawai. Ta kasa yarda cewa tsabta tana iya kashe wani abu.

Ranar Juma'a da yamma Onwuka ya zo, Kawu ya sa shi ya jawo teburin daga bakin ƙofa zuwa jikin gado, ta wajen bango. Da safe Mama ta shigo da kwanon toka da soso da ludayi, ta tarar ya ɗora hannunsa a kan bakin akwatin, hannun nan da ya saba murɗa sitiyari.

"Yaya, ɗauke hannunka, aiki na jirana."

"Yau ba za a wanke ba."

"Gobe Lahadi fa. Mata su zo su ga ruwa ya yi kwana biyu a ɗakin marar lafiya, su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Kin wanke uku, Saratu, kin ga inda suka tafi."

Mama ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta ce wato ita ce ta kashe su ke nan, ita da take ba su ruwan da ko 'ya'yanta ba ta bari su yi wasa da shi. Ta ce tun da aka kawo shi gidan nan wa ya taɓa ganin ƙuda a ɗakinsa, wa ya taɓa jin wari. Kawu ya bari ta gama, sannan ya ce bai ce da gangan ta yi ba. Ya ce abin nan a ƙarƙashin dutse yake zama, cikin yashi da duhu da ruwan da ba a taɓa ba, ba ya son a gan shi.

"Ni ma kullum wanke ni ake yi a ajiye a bakin ƙofa," in ji shi. "Ni ba na iya matsawa. Shi yana iyawa, wurin ne babu."

Mama ta dube shi, ta dubi asabarin da ke naɗe a sama, ta fita. Kwanon tokar ma a nan ta bar shi.

Ta ci gaba da yi masa komai, amma ba magana. Ranar Lahadi mata suka zo, ruwan ya fara dishi-dishi, Mama ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa har suka gama waƙa. Kifin kuwa bai samu sauƙi ba. Ragowar tuwon jiya da shekaranjiya ya ɓata ruwan, ya kwanta a karkace yana buɗe baki a hankali. Kawu ya hana a wanke, amma abin da ake bukata, wato yashi da ruwan da ba alif, yana rafi, shi kuma ko bakin gado ba ya iya kaiwa. Da na ce zan je, ya ce a'a, kada in shiga tsakaninsa da uwata. Ya kwana ya wuni hannunsa na kan akwatin.

Ranar Litinin da sassafe Mama ta ɗauki tulu, ta wuce rijiya ba ta tsaya ba, ta fice ta zaure. Hantsi ya ɗaga ta dawo da tulun a ka, da yashi ƙunshe a tsohon zane. Ta shiga madafa ta fito da wuyan wani tulun Gwari da ya fashe bara, wanda take ɗora tukunya a kai. Ta ɗauraye shi da ruwa zalla, ba toka ba sabulu. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ba ta dubi gadon ba.

"Rebeka, tambayi kawunki nawa za a zuba."

Kawu ya amsa yana kallon rufi. Ya ce a ɗebe rabi a hankali da ƙwarya, kada a taɓa kifin, a tsame tuwon, a shimfiɗa yashi, a kwantar da wuyan tulun bakinsa na kallon bango. Daga yau kuma ƙwarya ɗaya ko biyu za a riƙa ɗeba ana mayar da na rafi wanda ya kwana, ba alif. Mama ta yi duk yadda ya ce, tana gunaguni cewa ruwan da ko tsumma ba za ta wanke da shi ba shi ne yau take shigowa da shi ɗaki da kanta.

Ruwan bai gama kwantawa ba kifin ya ja jiki ya shige wuyan tulun. Shi ke nan ba mu ƙara ganinsa ba. Aka wuni, aka kwana, aka sake wuni. Na haƙo tana a bayan banɗaki aka jefa, tana nan a kan yashi tana motsi ba wanda ya taɓa ta. Mama ta ce ya mutu a ciki, a ɗaga a gani kafin ya yi wari. Kawu ya ce a bari. Ban san ko ya tabbata ba ne ko tsoron gani yake yi.

A yammacin rana ta uku ya ce kada a kunna fitila tukuna. Muka zauna cikin duhun magariba, ni a ƙasa, Mama a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu kamar wucewa za ta yi. Can sai ga gashin baki ya leƙo daga wuyan tulun, ya taɓa yashi nan da can. Kai ya biyo baya. Ya fizgi tanar ya koma ciki da sauri har yashi ya tashi.

"Ɓarawo," in ji Mama. "Ashe lafiyarsa ƙalau."

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta zo ta ɗaga masa kai ta ba shi ruwa. Ya ce ko akwai sauran tuwon rana.

Tun daga nan masu zuwa rijiya suka daina tsayawa wurin akwatin, don ba abin gani sai jan ruwa da fasasshen tulu. Matar mai gidan ta ce an yi asarar gilashi. Bayan 'yan kwanaki Mama ta fara sakin asabarin ƙofa idan an ci abincin rana, ba ta naɗewa sai la'asar. Duk wanda ya tambaya takan ce saboda kifin ne, rana tana dafa masa ruwa. Da safe dai a buɗe yake, ranar Lahadi kuma tun daga safe har yamma, mata su cika ɗaki, Kawu ya rufe ido. Wannan bai canza ba, ba na kuma jin zai canza.

Yanzu kurungun ya shekara biyu a ɗakin. Yana cin tana da gara, da damina kuma a kamo masa shinge. Wani lokaci yakan manne a rufin tulun cikinsa na sama, abin da ya taɓa sa Mama ta yi ihu tana zaton ya tafi. Kawu ne ke ba shi abinci da hannunsa, shi ke faɗin ranar da za a ƙara ruwa, kuma ba wanda ke kunna fitila a ɗakin sai ya ce.

Sai dai ya girma. Ya fi tafin hannun Kawu tsawo, idan ya shiga wuyan tulun wutsiyarsa a waje take kwana. Idan ya fito da magariba, kaɗa jiki biyu ya kai wancan bangon, sai ya juyo. Watan jiya Onwuka ya gwada akwatin da yatsunsa ya ce direba, motar ta yi wa kayan kaɗan. Malam Gwadabe, da yake tsaye a ƙofa, ya ce abu mai sauƙi ne, ya sa shi a garwa ya mayar da shi Gurara inda ya kamo shi, ya kawo wasu ƙanana a madadinsa.

Kawu yana kallon wutsiyar nan da ta leƙo.

"Na san inda ya kamata a ce yake, Malam," ya ce. "Na fi kowa sani. Amma ba bana ba."

Ranar kasuwa Mama, wadda ko murfin kwalba ba ta yarwa, ta sayo sabon tulu babba a wurin wata Bagwariya. Ta zauna a tsakar gida ta sa dutse ta fasa shi a hankali, ta cire wuyan, ta goge kaifin bakin a jikin dakali don kada ya yanke shi. Maƙwabta suna tambaya ko lafiya, ba ta kula su ba. Ta shiga ta ciro tsohon ta saka sabon. Kifin ya shige ciki har wutsiya. Sabon wuyan ya cinye kusan rabin akwatin, wurin juyawar ya ƙara raguwa.